An rufe masana'antarmu bayan na yi shekara 11 ina aiki: wane haƙƙi doka ta ba mu?

Baban Khalifa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin dokar ƙwadago, da kuma duk wanda irin wannan al'amari ya taɓa faɗa masa. Na yi shekara 11 ina aikin afaretan inji a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano, mu kusan tamanin ne idan aka haɗa da masu lodi da masu gadi. Wata Litinin da safe muka iso muka tarar da ƙofa a garƙame, an manna takarda cewa kamfani ya tsayar da aiki saboda tsadar man gas da wutar lantarki da kayan sarrafawa. Babu wanda ya gaya mana komai kafin wannan rana, alhali a lokacin muna bin albashin wata biyu.

Bayan mako uku manaja ya tara mu a bakin ƙofa, ya ce mai kamfani ya amince a ba kowa albashin wata ɗaya, da sharaɗin mutum ya sa hannu a wata takarda da ke cewa ba ya bin kamfanin komai. Fiye da rabinmu sun sa hannu sun karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, domin mai gidan haya da makarantar yara ba sa jiran kowa. Mu talatin da ɗaya muka ƙi. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, masu gadi sun tabbatar mana cewa ana kwashe injuna da daddare ana kai su wani wuri a Challawa, inda aka kafa allo da wani suna daban, kuma an kira wasu samari goma daga cikinmu, waɗanda ba su wuce shekara biyu da fara aiki ba, sun koma aiki a can. Da na je ofishin kamfanin da ke riƙe da fanshona kuwa, sai na tarar shekara uku ke nan ba a zuba mini ko kwabo ba, ga shi kuma duk wata ana cirewa daga albashina.

Shin doka ta wajabta a biya mu kuɗin sallama gwargwadon shekarun da muka yi, ko kuwa rufe kamfani ya shafe komai? Wace kotu ce ke sauraron irin wannan ƙara? Kuma 'yan'uwanmu da suka sa hannu, tasu ta ƙare ke nan?

Barista Ɗan Bompai ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Khalifa. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Zan fara da ɓangaren da ba zai yi maka daɗi ba, domin gara ka ji shi yanzu da ka ji shi bayan ka kashe kuɗin mota da na lauya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ƙayyade wani adadi da za a biya ma'aikaci a kan kowace shekarar da ya yi idan an rage ma'aikata ba. Sashe na 20 na dokar ya ɗora wa mai kamfani abubuwa uku: ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da kuma yawan mutanen da zai shafa, ya bi ƙa'idar cewa wanda ya zo daga baya shi ne zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana, sannan ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen tattaunawa a kan kuɗin sallamar da za a biya. Ka lura da kyau, dokar tattaunawa ta wajabta, ba ta faɗi nawa za a biya ba. Saboda haka adadin kuɗin sallama ko giratuti yana fitowa ne daga takardar ɗaukarka aiki, ko littafin ƙa'idojin aiki na kamfanin, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da masu kamfanoni a wannan fanni, ko kuma abin da kamfanin ya saba biyan waɗanda suka bar aiki kafin ku, idan za ku iya kawo shaida a kai.

To amma wannan bai nuna cewa hannunku wayam yake ba. Albashin wata biyun da kuke bi bashi ne tsantsa, babu wata takarda da aka manna a ƙofa da za ta goge shi. Sashe na 11 na dokar ya tanadi wa'adin sanarwa kafin a sallami ma'aikaci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, da wata guda cur ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye, kuma duk notis da ya kai mako ɗaya dole ne ya zama a rubuce. Idan ba a bayar da notis ba, sai a biya kuɗin wannan wa'adi a madadinsa. Idan ka auna da wannan, albashin wata ɗayan da manaja ke miƙo muku kamar wata alfarma, a wurin mutum irinka kuɗin notis ne kawai, wanda dama naka ne. Ana so ka sayar da albashin wata biyu, da kuɗin hutun shekara da ba ka ci ba, da duk wata giratuti, a kan kuɗin da tun farko haƙƙinka ne. Ƙin sa hannun da kuka yi shi ne daidai.

Lauyan kamfani zai ce sashe na 20 bai shafe ku ba, domin dokar ta fassara rage ma'aikata da rasa aiki na dindindin ba da son ma'aikaci ba saboda ma'aikata sun yi yawa, shi kuwa kamfaninsu rufewa ya yi ɗungurungum. A nan ne labarin Challawa yake da muhimmanci. Idan aikin ya ci gaba a wani wuri da injuna iri ɗaya da mutane iri ɗaya, an ɗebi sababbin ma'aikata an bar tsofaffi, to ana iya nuna wa kotu cewa ragi aka yi aka lulluɓe shi da sunan rufewa, kuma an take ƙa'idar da sashen ya shimfiɗa.

Kotun da ke da hurumi ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a nan Kano. Tun bayan gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, sashe na 254C ya keɓe mata duk wata ƙara ta aiki da albashi da sallama, har ya ba ta ikon duba rashin adalci a mu'amalar aiki tare da la'akari da kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Wannan ya sauya abubuwa sosai, domin a da mai kamfani kan ce ya sallami mutum ba sai ya faɗi dalili ba matuƙar ya biya kuɗin notis, yanzu kuwa alƙalan wannan kotu sun sha tambayar dalilin da kuma hanyar da aka bi. Kuna iya shigar da ƙara ɗaya ku talatin da ɗaya, wasu daga cikinku su wakilci sauran, wanda hakan zai rage muku kuɗin lauya. Kotun tana kuma da cibiyar sasanci, idan ɓangarorin biyu suna son a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba.

Game da waɗanda suka sa hannu, gaskiya sun raunana ƙararsu, musamman ta fuskar ƙalubalantar sallamar kanta. Sai dai ba zan ce musu su haƙura ba tukuna. A samo kwafin takardar a karanta abin da ta ƙunsa kalma bayan kalma, a ga ko an karanta musu ita da harshen da suke ji, a ga ko an ba su lokacin shawara. Kuɗin fansho da aka cire ba a zuba ba kuwa, wajibi ne da doka ta ɗora wa kamfani, sa hannun lebura a bakin ƙofa ba ya sauke shi.

Tsohon Ciyaman ya amsa:

Barista ya yi bayani na ilimi, Allah Ya ƙara basira. Ni ban karanta doka ba, amma na yi shekaru ina shugabantar reshen ƙungiyar ma'aikata a wata masana'anta kafin ita ma ta rufe, kuma abin da na gani da idona shi ne hukuncin kotu takarda ce, ba ta shiga tukunya sai in akwai dukiyar da za a kama. Ɗana Baban Khalifa, ka dubi injunan nan da ake kwashewa da daddare, su ne giratutinku ke fita a bayan tirela. Duk ranar da ta wuce kuna zaman jiran manaja, abin da za a sayar a biya ku raguwa yake yi.

Abu na biyu, ku tsare haɗin kanku fiye da yadda kuke tsare takardunku. Za a riƙa kiran ku ɗai-ɗai, a fara da wanda ya fi kowa baki a ba shi albashin wata uku a asirce, a ce wa wani za a ɗauke shi a sabon wurin idan ya janye. Mu haka aka yi mana, muka fara mu fiye da ɗari, ranar da aka zauna zaman ƙarshe ba mu cika benci biyu ba. Ku zaɓi mutum uku ko huɗu masu amana, ku rubuta sunayen kowa da shekarar da ya fara aiki da albashinsa na ƙarshe, kowa ya sa hannu cewa waɗannan ne wakilansa. Daga nan ku kai koke a rubuce ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, domin jami'ansu suna iya gayyatar mai kamfani a zauna, kuma ba a biyan kuɗin lauya a wannan mataki. Ku kai kwafi ofishin NLC na jiha, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ko da kuwa ba ku da reshen ƙungiya a masana'antar. Kada kuma ku raina hanyar manya. Mai kamfanin nan yana da limamin da yake sallah a bayansa, yana da abokan kasuwanci da yake jin kunyarsu, kuma ya san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Na ga attajirin da sammaci bai motsa shi ba amma maganar surukinsa ta sa ya buɗe akwati.

In da ni ne ma, da mun je mun zauna a bakin ƙofar nan dare da rana, babu injin da zai sake fita sai an biya mu.

Hajiya Maman Walida ta amsa:

Sannu da wannan jarrabawa, ɗan'uwa. Na yi aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani mai zaman kansa na tsawon lokaci, saboda haka bari in gaya maka abin da ake fara tambaya idan magana ta kai gaban jami'in ƙwadago ko alƙali: ina shaidar cewa kai ma'aikacinsu ne, kuma tun yaushe? Dokar Ƙwadago a sashe na 7 ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya cika wata uku, amma masana'antu da yawa ba sa bayarwa, musamman ga waɗanda suke kira ma'aikatan wucin gadi ko da mutum ya shekara goma a kan inji. Idan kana da takardar ɗauka, madalla. Idan babu, ka je bankinka a buga maka bayanin asusunka daga farko, domin shigar albashi wata bayan wata da sunan kamfanin shaida ce mai ƙarfi. Ka haɗa da katin shaidar aiki, da takardun albashi, da duk wata wasiƙar ƙarin girma ko ta gargaɗi, da hoton takardar da aka manna a ƙofa. Waɗanda ake biya a hannu su nemi hoton rajistar da suke sa hannu a ciki, idan akwai magatakardan da zai taimaka.

Maganar fansho hanyarta daban ce, kuma ta fi sauri, don haka kada ku jira shari'a. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, ma'aikaci na bayar da kashi 8 cikin ɗari, kamfani na ƙara kashi 10, kuma dole a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki daga ranar da aka biya albashi. Wanda ya yi jinkiri akwai tara a kansa da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya riƙe ba a kowane wata. Ka karɓi cikakken bayanin asusun fanshonka, ka jera watannin da babu komai, ku rubuta koke zuwa Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, domin tana da wakilai da ta ɗora wa aikin ƙwato irin waɗannan kuɗaɗe daga kamfanoni. Sannan ga wani abu da ma'aikata da yawa ba su sani ba: wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da ikon cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Za a nemi takardar sallama daga aiki, shi ya sa ya kamata ku matsa a ba kowannenku ita da sunansa, ba tare da an haɗa ta da waccan takardar yafe haƙƙi ba. Wannan ɗan kuɗin shi ne zai riƙe gida har ku iya jure zaman jira, kuma mai yunwa ne ake saya da albashin wata ɗaya.

Barista Ɗan Bompai ya sake amsawa:

Baba Ciyaman, ranka ya daɗe, na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa dukiyar ita ce zuciyar maganar, amma ina roƙon kada su tare ƙofa ko su taɓa inji. Da zarar sun yi haka, za a kira 'yan sanda, maganar albashi ta koma maganar ta da hankali da shiga wuri ba izini, masu bin bashi su wayi gari suna neman beli. Aikin da kake so a yi da jiki, kotu na iya yin sa da takarda: lauyansu ya shigar da ƙara tare da roƙon gaggawa cewa a hana kamfanin sayarwa ko kwashe kadarorinsa har a gama shari'a. Abin da ake buƙata shi ne shaida, wato hotuna, da ranakun da aka yi lodi, da lambobin motoci, da mai gadi ɗaya da zai yarda ya yi rantsuwa a rubuce.

Kafin nan a bincika a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ga matsayin tsohon kamfanin da sunayen daraktocin sabon. Kulle ƙofa daban, rusa kamfani a idon doka daban. Idan ba a fara shirin rusa shi ba, to yana nan da ransa, ana iya kai shi ƙara kamar kowa. Idan kuwa Babbar Kotun Tarayya ta riga ta ba da umarnin rusa shi ta naɗa jami'in da zai tattara kadarori ya biya basussuka, to ba a ci gaba da ƙara a kansa sai da izinin kotun, kuma abin da ya kamata shi ne kowa ya miƙa wa wannan jami'i lissafin abin da yake bi tare da shaida. Dokar Kamfanoni ta 2020 a sashe na 657 ta sa albashin ma'aikata da kuɗin hutunsu da na fansho cikin basussukan da ake fifitawa, tare da haraji, a gaban 'yan kasuwar da suka ba da kaya bashi ba jingina, masu hannun jari kuma su ne na ƙarshe. Sai dai bankin da aka jinginar wa fili ko gini ko wasu injuna takamaimai yana gaban ma'aikata a kan waɗannan kadarori, kuma sau da yawa idan banki ya ɗebi nasa, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Su ma ma'aikatan, a matsayinsu na masu bin bashi, dokar ta ba wanda ke bin kuɗin da ya kai adadin da aka ƙayyade damar aika takardar neman biya, idan mako uku ya wuce ba a biya ba ya roƙi kotu ta rusa kamfanin. Wannan takarda kaɗai takan sa wasu masu kamfani su nemi a zauna.

Sabon kamfanin na Challawa, a idon doka mutum ne daban, ba ya gadon bashin tsohon haka kawai don masu shi ɗaya ne. Amma idan aka nuna cewa an kwashe dukiya ne da gangan don a guje wa masu bin bashi, ko an sayar da injuna a kan farashin banza ga ɗan'uwa, kotu na da ikon warware cinikin, har ma ta ɗora bashin a wuyan daraktocin su da kansu. Hujjar tana da wuyar kafawa, shi ya sa nake ta nanata hotuna da ranaku.

Gargaɗin Baba game da jinkiri kuwa tarihi ya gaskata shi. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu a wurin masu ita, wato jihohin Arewa 19, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, amma sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta amince da fitar da sama da naira biliyan 22 don biyan wani ɓangare na haƙƙin tsofaffin ma'aikatansa. Waɗannan ma na gwamnati ne, wadda ba ta ɓacewa. Kamfanin ɗan kasuwa kuwa cikin wata shida sai ka nemi ko da kujera ka rasa. Idan kuɗin lauya ya gagara, ku gwada ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ku nemi lauyan da zai yarda a biya shi daga abin da aka ƙwato, amma ku rubuta kason da zai ɗauka tun kafin a fara.

Baban Khalifa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Barista, da Baba Ciyaman, da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan sallar la'asar mun haɗu mu ashirin da takwas, domin uku sun riga sun je sun karɓi wata ɗayan, kamar yadda Baba ya faɗa. Mun zaɓi wakilai huɗu, kuma da aka bincika sai ga littafin ƙa'idojin aiki a wurin wani tsohon makanikenmu, wanda aka raba tun kafin in fara aiki, a cikinsa akwai shafin da ya yi maganar giratuti ga duk wanda ya cika shekara biyar. Mun buga kwafi biyar mun raba a gidaje daban-daban. Ɗaya daga cikin masu gadin ya ce zai yi rantsuwar, amma yana so a bari ya karɓi albashinsa na wannan wata tukuna. Ranar Litinin za mu kai koke ofishin ƙwadago, ni kuma daga can zan wuce banki in karɓo bayanin asusuna. Barista, littafin nan ba shi da sa hannun kowa, tambarin kamfani ne kawai a bangonsa. Ko hakan zai isa a kafa hujja da shi?